Gitar Amana da Wayar Birki

Jikana ne ya saka ni cikin wani gurup na salula inda masu son gita ke haɗuwa. Akwai ƴan Maraɗi, akwai ƴan Damagaram da Agadas, har da waɗanda ke zaune ƙetare. Ni ba na rubutu a ciki, don idona ya yi rauni, saƙon murya kawai nake saurare. Abin da na lura shi ne, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a samu sabon shiga da zai yi sallama ya ce, "Don Allah wace tsirkiya zan sa wa gitata?" ba. Nan take samarin za su taso masa. Wannan ya ce an sha amsa wannan, ya koma baya ya nema. Wancan ya ce su ba lakwal suka buɗe ba, balle su koyar da ƴan makaranta. Duk lokacin da na ji haka sai gabana ya faɗi kamar ni aka tambaya, domin akwai zamanin da ni ɗin ake tambaya, kuma ban taɓa sabawa ba.

Babban farin nan na biyu, da ruwan sama ya ƙi sauka, ya same ni ina tela a Tasawa, soji na riƙe da ƙasa. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, daga nan na kama ɗinki, na yi aure, muka samu ɗiya. A shekarar gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mutane suka daina ɗinka sabuwar tufa, sai faci a kan faci. Kafin la'asar na gama ɗan abin da aka kawo mini, sai in rufe shago in nufi gindin bedi.

Bedin, itacen nan da wasu ke kira dogon yaro, yana bayan shagon wani tsoho mai gyaran rediyo. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa gita a manyan garuruwa, ya dawo gida da furfura da gita guda ta kanti wadda ba ya yarda a ajiye ta a ƙasa. Mu sauran, gitocinmu na hannu ne: galan na mai, a zura masa sanda ta shiga ta nan ta fita ta can, a kafa ƙusoshi. Tsirkiyar kanti kuwa sai wanda ya je Kano, ga shi a lokacin iyaka a rufe take. Saboda haka da wayar birkin keke muke yin tamu. A warware ta sili-sili, a goge maiƙon da toka. Sili ɗaya ga sirara, biyu a murɗe ga na tsakiya, masu kauri a naɗe su da jan ƙarfen da ake zarowa daga matacciyar rediyo. Ranar da na fara jin tsohon ya taɓa irin wannan waya, wadda jiya-jiya take tsayar da keke, ta yi magana kamar mutum, sai da tsikar jikina ta tashi. Har yau ban gama mamakin wanda ya fara tunanin haka ba.

Da noma ya gagara, samari suka rasa abin yi, kowa ya ɗauki galan. Daga Korgom ake zuwa, daga Maijirgi, daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba, musamman ranar kasuwa. Kuma tambayarsu ɗaya ce, kamar sun haɗa baki a hanya: "Wace waya ake sawa?"

Tsohon yana da ƙa'ida a kan wannan tambaya, kuma ba ya sassautawa. Shi dai ba ya amsa ta, manyan wurin ma ba sa amsawa. Wanda ya zo a ƙarshe ya zauna tare da mu, shi ake kira auta, shi zai amsa wa duk baƙon da ya zo, har ranar da wani sabo zai zauna ya karɓe shi. Tsohon yakan ce auta bai riga ya manta yadda kunyar tambaya take ba. Bayan haka, auta ba zai buɗe baki ba sai ya karɓi gitar mai tambaya da hannunsa, ya juya ta gaba da baya. Wanda bai zo da tasa ba, ya koma ya ɗauko. Wannan ta karɓar gita bai taɓa faɗa mana dalilinta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mun ɗauka girmama baƙo ne kawai, tunda duk galan ɗin iri ɗaya ne, amsar ma ɗaya ce.

Ni ne auta a shekarar, kuma na daɗe a kai. Baƙin suna zuwa, su ji amsa, su wuce cirani, babu mai zama. Ga shi Allah ya yi ni mai fargaba. Ko wando na yanka sai na sake auna shi bayan na san daidai yake. Don haka amsata kullum ƙara tsawo take. Na taɓa ganin waya ta tsinke ta tsaga wa wani kunci, daga ranar na ƙara da cewa a kawar da fuska in ana ɗaurewa. Na ƙara da a lanƙwasa bakin waya kada ta soki yatsa, a kori ƙananan yara daga gaba, kada a bar gita cikin rana. In baƙo ya tafi sai in tuna wani abin da ban faɗa ba, in bi shi da sauri har bakin kasuwa.

Wanda ya fi kowa gajiya da ni shi ne mai gyaran keke, wanda a wurinsa muke samun tsofaffin wayoyin birki. Ƙato ne mai yawan dariya, sa'ana ne, tare muka taso a unguwa ɗaya.

"Auta, amsa ce wannan ko huɗuba?" in ji shi. "Bawan Allah ya zo da baƙin gemu, so kake ya koma da fari?"

"Bari mana in gama."

"Ka gama? Kai da ko atishawa sai ka duba dama da hagu? Kai kuma baƙo, saurara nan. Wayar birki, toka, sili-sili. Shi ke nan, a gaida mutan gida."

In tsohon ya ji, sai ya ɗago daga rediyon da yake gyara ya dube shi ta saman tabarau, mai keke ya haɗiye sauran maganarsa. Amma ba zan ce ba shi da hujja ba. A wancan zamani taro abin tsoro ne. In kawuna suka yi yawa a wuri ɗaya, za ka ga jandarma ya rage tafiya yana bin ku da ido. A hankali muke kiɗa, kuma kafin kiran magariba kowa ya watse. Mai keke gani yake duk baƙon da na tsare da dogon bayani ƙarin kai ne a gindin bedi.

Wata ranar kasuwa tsohon ya tafi jana'iza a wata unguwa, ya bar mu. Sai ga wani Buzu dogo ya yi sallama. Yana cikin waɗanda fari ya koro daga arewa, suka kafa rumfunansu kusa da wata rijiya a hanyar Mayahi. Rawaninsa ya koɗe, takalminsa ɗaure da igiya, hannunsa babu komai sai sanda. Hausarsa sarai take. Ya tsuguna ɗan nesa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce an gaya masa a nan ake sanin wayar da ake sa wa gita.

Duk ido ya dawo kaina. Na ce, "Sannu da hanya, bawan Allah. Ina gitar take?"

"Tana gida."

"To ka yi haƙuri, al'adar wurin nan sai mun gan ta tukuna."

Ya zana ƙasa da sandarsa. Sannan ya ce, "Ba ta fita. Ba tawa ba ce. Ƙanena ya bar mini ita da zai tafi neman aiki arewa, ya ce in riƙe masa har ya dawo. Raƙumanmu sun mutu, na sayar da takobina, mun sayar da mundayen tsohuwarmu. Ita kaɗai ce ban taɓa ba. Akwai shingen jandarma a hanya. In aka riƙe ta, mi zan ce wa ƙanena?"

Na tambaye shi abin da ya sami tsirkiyoyinta. Ya ce sun tsinke ɗaya bayan ɗaya a doguwar tafiyar da suka yi. Tsohuwarsu kuma tana kwance, kullum tana cewa ya kaɗa mata abin da ƙanen yake kaɗawa, ko za ta ji kamar yana kusa.

Na ce, "Waɗanda suka tsinke, waɗanne iri ne?"

"Ban san sunansu ba. Sirara dai farare ne tas, kamar ruwa. In ka ɗaga su ga rana kana hango haske ta ciki."

Ni ban taɓa ganin waya mai kamar ruwa ba. Na roƙe shi ya jira tsohon ya dawo. Ya dubi rana, ya ce tafiyarsa da nisa, kuma ba mai ba tsohuwa ruwa sai shi.

Nan mai keke ya miƙe. "Haba Auta, ka ji tsoron Allah! Mutum ya tako tun daga hanyar Mayahi cikin wannan rana, cikinsa wayam, ka ce ya koma ya ɗauko? Gita ai gita ce." Ya shiga rumfarsa ya fito da wayar birki mafi kyau da yake da ita, ya haɗa da jan ƙarfe, ya ce kyauta ne. Ya zayyana masa amsar da kowa ya hardace, cikin numfashi ɗaya. Buzun ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa masa albarka. Ni ko kallona bai sake yi ba. Har ya yi nisa na ɗaga murya na ce, "Ka kawar da fuska in kana ɗaurewa!" Gindin bedi ya kwashe da dariya.

Rana ta yi ja sannan tsohon ya dawo. Bai ma gama cire takalmi ba na fara ba shi labari, don in abu yana cina ba na iya riƙe shi. Yana saurare yana gyaɗa kai, har na kai wurin tsirkiya mai kamar ruwa. Sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Sake faɗi, ɗana."

Na sake faɗi.

"La'ilaha illallahu," in ji shi. Ya zauna a kan benci, ya ce mu matso. Ya ce akwai wata irin gita da ba a yi ta don ƙarfe ba, tsirkiyarta ta nailan ce. Ba irin galan ɗinmu ba ce da sanda ke riƙe da komai. Ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a jikinsa manna shi kawai aka yi da gam a kan fuskarta, fuskar kuma siririya ce kamar ƙwarya. In aka ɗaure mata ƙarfe har shida, za ta ɗan yi kuka mai daɗi, daga nan katakon ya ɓalle ya tafi da fuskar gaba ɗaya. Ya ce a duk faɗin ƙasarmu bai san wanda zai iya mayar da wannan ba.

Ni dai kallonsa nake baki buɗe. Mutum yana zaune a Tasawa, da kalma ɗaya daga bakin wani ya hango cikin gitar da bai taɓa gani ba, ya ga inda za ta fashe. A nan na gane abin da ya sa ake karɓar gita a juya ta. Duk galan ɗin da na yi ta juyawa ina jin kamar wasa nake, ashe saboda ranar da wadda ba galan ba za ta zo ne.

Mai keke ya ce a hankali, "Baba, wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani, ɗana. Ba wanda ya ce mugunta ka yi."

Tsohon ya shiga shago ya daɗe yana bincike, ya fito da ƙullin zaren nailan irin na kamun kifi, siriri da mai kauri, wanda ya samo tun da daɗewa wurin masuntan Madarumfa. Ya haɗa da ɗan gwangwanin gam na kafintoci. Ya nuna mini yadda ake murɗa zaren don masu kauri, da ƙullin da ake yi masa a jikin katako, ya sa na maimaita har hannuna ya kama. Ya ce in na tarar katakon ya fara ɗagawa, in zura gam, in danne, kada a ɗaura komai sai ya kwana.

Na ce, "Baba, ni zan je? Ga manya."

"Wa ke amsa wa baƙo a nan?"

"Auta."

"To ba a gama amsa wa mutumin nan ba."

Mai keke ya turo mini kekensa na hawa, wanda ko ƙanensa ba ya bari ya taɓa. Ya ce, "Ka dawo mini da shi da ƙafa biyu. In ka ga rami kada ka tsaya yi masa huɗuba, kauce kawai."

Da na gaya wa maiɗakina sai ta riƙe haɓa. Ta ce ni da ko bayan gari ba na zuwa sai na laluba aljihu na tabbatar takarduna na nan, yau ni ne zan keta daji saboda gitar wani. Duk da haka ta ƙulla mini ɗan garin rogo a tsumma, daga abin da ba shi da yawa. Lissafina shi ne Buzun ba zai isa gida ba sai duhu, ba zai taɓa waya ba sai gari ya waye. Ana sallame asuba na hau hanya.

A shingen bakin gari wani jandarma ya ɗaga mini hannu. Takarduna cif suke, na miƙa masa su. Ya buɗe jakata ya zaro ƙullin zaren, ya ɗaga shi sama.

"Wannan fa?"

"Zaren kifi ne, shef."

"Kifi?" Ya waiwaya ya kira abokinsa. "Zo ka ga mai imani. Ko kwaɗi sun yi hijira, shi ga shi zai je su." Suka yi dariya har da riƙe ciki, ya mayar mini ya ce in na kama babba in tuna da su.

Ban taɓa ganin daji kamar na ranar ba. Gonaki fayau, ko kara babu, an tsince an ba dabbobi tun tuni. Gawo duk an sassare rassansa. Nan da can ƙasusuwan shanu sun yi fari a kan rairayi, ko ungulu ta daina sauka. Inda yashi ya yi zurfi sai in sauka in tura keken. Duk tafiyar abu ɗaya ke yawo a kaina: yanzu yana warware waya, yanzu yana goge ta da toka, yanzu ya ɗaura ta farko. Na yi ta addu'a Allah ya sa toka ta gagare shi samu, ko yatsunsa su yi nauyi.

Hantsi ya ɗaga sannan na hango rijiyar da rumfunan tabarmi a gefenta. Kafin in tambayi kowa kunnena ya nuna mini wurin. Wata ƙara ce siririya ta ƙarfe, tana hawa sama kaɗan-kaɗan, irin wadda waya ke yi in ana murɗa mata kunne. Na yar da keken a yashi na ruga.

Yana zaune a inuwar rumfa, gitar a cinyarsa, ya kawar da fuska gefe yadda na ce. Ya riga ya ɗaura mafi yawansu.

"Tsaya! Don girman Allah kada ka ƙara murɗawa!"

Ya ɗago, ya rungume ta a ƙirji. "Kai ne na jiya. Sai ka gan ta dole ke nan?"

Numfashina ya ƙare, duk bayanin da na shirya a hanya ya gudu. Abin da na iya kawai shi ne na durƙusa na miƙa hannu biyu, yadda na saba yi a gindin bedi. Muka tsaya a haka. Sai wata murya ta tsohuwa ta fito daga cikin rumfa, ta faɗi wani abu gajere da harshensu. Ya dubi hannuwana, ya ɗora mini ita.

Na yi zaton nauyi, sai na ji kamar an ɗora mini tantabara. Launinta kamar zuma, ramin tsakiyarta kewaye da wani ado na ƙananan katako da ban san yadda hannun mutum ya jera su ba. Wani ƙamshin itace na fita daga cikinta, na wata ƙasa mai ruwa. Wannan abu ya ratsa hamada a bayan raƙumi, raƙumin ya mutu, shi yana nan. Na juya ta a hankali, na daidaita ta da hasken rana, na leƙa ƙarƙashin ɗan katakon. Bayansa ya ɗaga. Siririn haske na wucewa ta inda bai kamata ba, fuskar kuma ta ɗan kumbura kamar cikin mai ƙoshi.

Na ce, "Ɗan'uwa, sa idonka nan."

Ya sunkuyo. Muna cikin kallo muka ji ƙas, ƴar ƙara kamar an taka busasshen ganye. Ya saki salati. Na ce ya riƙe mata wuya, ni kuma na shiga sassauta kunnuwan, wannan kaɗan, wancan kaɗan, don tsohon ya ce kada a saki gefe ɗaya a bar ɗaya. Zufa na ɗiga daga haɓata ina kawar da kai kada ta zuba a kanta. Da waya ta ƙarshe ta kwanta lakwas, katakon yana nan a wurinsa.

Na ba shi labarin abin da tsohon ya ce. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fuskar gitar ya daɗe. Da tsinken tabarma muka zura gam a ƙarƙashin katakon, muka cika ɗan buhu da yashi muka danne. Na sami wani mai amalanke da zai shiga Tasawa, na roƙe shi ya gaya wa maiɗakina da mai keke cewa sai gobe, na kuma sa shi ya maimaita mini saƙon kafin ya tafi. Suka ba ni dilo, ƴaƴan anzar nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, ni kuma na kwance garin rogona muka jiƙa wa tsohuwa. A wurinsu na kwana.

Da safe na ɗaga buhun yashin da bismilla. Gam ya kama. Na ɗaura zaren kifin yadda aka koya mini, amma duk wanda na ja ya kai, kafin in gama na kusa da shi ya saki. Hankalina ya tashi, na ce ko na ɓata ƙullin ne. Buzun ya yi murmushi a karo na farko. Ya ce na ƙanensa ma haka suke yi in sababbi ne, sai an lallashe su kamar ɗan raƙumi. Ya karɓa, ya yi ta ja yana saurare, yana ja yana saurare, har rana ta take tsaka.

Sannan ya gyara zama a bakin rumfa inda tsohuwa za ta ji, ya fara.

Na saba da kukan ƙarfe, mai kaifi, mai shiga kunne. Wannan ba haka yake ba. A ƙirji na fara jin sa kafin kunne. Sauti ne mai taushi, zagayayye, yana tafiya yana rangaji kamar tafiyar raƙumi a kan yashi. Matan da ke jan ruwa suka tsaya da guga a hannu. Yara suka zo suka zauna ba wanda ya kira su. Wata mata ta fara tafi a hankali, wata ta kama mata. Ni kuwa ina kallon zaren nan da aka yi don ya jawo kifi daga tafki, ga shi a tsakiyar ƙasar da ta manta da ruwa yana sa manyan mutane sunkuyar da kai. Na ce a raina, Allah mai iko, kai ka san abin da ka ɓoye a cikin kowane abu.

Tsohuwar ta sa aka tayar da ita zaune, aka jingina ta da sandar rumfa. Idonta a rufe, leɓɓanta na motsi tare da kiɗan. Da ya tsaya ta miƙo hannu, ya kai mata gitar, ta shafa wuyanta tun daga sama har ƙasa kamar mai shafa kan yaro. Ta yi wata magana. Ya juyo ya ce mini, "Ta ce muryarsa ce."

Ranar kasuwar da ta biyo baya sai ga shi a gindin bedi. Ya gaida tsohon, ya gaida mai keke wanda ya rasa inda zai sa idonsa, ya mayar masa da wayar birkinsa a naɗe tsaf. Bai tsuguna nesa ba wannan karon, ya zauna a kan tabarma tare da mu. Ya dawo a kasuwa ta gaba, da wadda ta bi ta. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tela, ka sauka. An samu auta."

Ba a jima ba wani saurayi daga Korgom ya zo rungume da galan, ya yi tambayar nan. Buzun ya miƙa hannu biyu. Ya juya galan ɗin gaba da baya kamar na zinariya ne, sannan ya fara bayani. Wayar birki, toka, sili-sili. Ya ce a kawar da fuska. Ya ce a lanƙwasa bakin waya, a kori yara daga gaba, kada a bar ta cikin rana. Ko ɗaya bai zubar ba, ban ma san lokacin da ya kwashe su ba.

Mai keke ya dafe kai. "Mun shiga uku, sun zama biyu!"

Tsohuwar ba ta ga damina ba. Da ruwa ya sauka, daji ya fara kore, Buzun ya zo yi mana bankwana. Ya ce tunda ƙanen bai dawo ba, shi zai bi shi arewa ya kai masa kayansa. Ranar ce kaɗai ya shigo da gitar gari, naɗe cikin tabarma a kan jaki. Ya kwance ta ya miƙa wa tsohon. Tsohon ya ɗaga ta ga haske, ya leƙa ƙarƙashin katakon, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Za ta kai." Muka raka shi har bayan shinge. Ko ya sami ƙanen, ban taɓa ji ba. Abin da na sani, da ta bar hannunmu lafiyarta lau.

Washegari wani ya zo da galan. Aka duba, auta ya tafi, babu sabon da ya zauna. Duk ido ya sake dawowa kaina, kuma har tsohon ya bar duniya ban ji ya ƙara cewa in sauka ba. Shi ya sa in samarin gurup suka gama yi wa sabon shiga tsawa, nakan kira jikana ya danna mini wurin magana, in ce, "Sannu ɗana. Kafin ka sayi komai, ɗauko mini hotonta, gaba da baya."